Yadda M3 Ke Komawa M5 a Kan Tebur

Akwai wata mota da gabanta tayoyi ne, bayanta kuwa sarƙa irin ta tankar yaƙi. Amurka ta ƙera irinta da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wadda aka fi sani ita ce M3. Yau ana sayar da ƙaramin samfurinta a kwali, gutsi-gutsi na roba, a ma'aunin 1/35, wato kowace santimita ɗaya a tebur santimita 35 ce a jikin ta gaske. Motar da ta haura mita shida sai ta dawo ba ta kai tsawon taƙi ba.

Mai gaggawa yakan liƙe guntayen yadda takardar kwalin ta ce, ya shafa fenti, shi ke nan. Wani gwani kuwa yana buɗe kwalin M3 ne da niyyar fitar da M5, 'yar'uwarta da kamfanin International Harvester ya ƙera daga 1942, wadda akasarinta aka tura wa ƙawaye irin su Birtaniya.

Kafin ya taɓa wuƙa, hotunan lokacin yaƙi yake zuba wa ido. M3 da sukurori aka ɗaure sulkenta, kusurwoyin bayanta a tsaye suke. M5 walda aka yi mata, kusurwoyin bayan a lanƙwashe, murfin tayoyin gaba kuma shimfiɗaɗɗe. Don haka sai ya ɗauki aska mai tsini ya bi kawunan sukurorin nan, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, yana fere su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya jiƙa takardar gurza da ruwa, ya fara da mai kaushi ya ƙare da mai laushi, har wurin ya yi sumul.

Kusurwar ce ke ba ni mamaki. Da siririn zarto yake yanke ta, ya yanko fallen farar roba, ya naɗe shi a jikin sanda, ya tsoma a ruwan zafi, ya tsamo ya jefa a na sanyi. Robar ta riƙe lanƙwasar ke nan. Gam ɗinsa ma ruwa ne tsararo: ya haɗa ɓangarorin biyu tukuna, ya ɗiga da bakin buroshi, ruwan ya bi tsagin da kansa, ya narkar da gefen biyu su zama abu guda.

Layin walda fa? Sandar robar da guntayen suka zo maƙale a jikinta, wadda wani zai zubar, ita yake karawa a saman kyandir, ta yi laushi ya ja ta ta zama zare. Ya shimfiɗa zaren a mahaɗa, ya tausasa shi da gam, ya riƙa danna shi da tsinin aska har ya yi gargada irin ta hannun mai walda.

Akwai kuma lissafi. Sulken gefen M5 wajen milimita 8 ne, a wannan ma'auni bai kai rubu'in milimita ba, alhali robar kwalin takan yi milimita guda. Shi ya sa yake kankare leɓen saman daga ciki, inda ido zai faɗa. Sarƙar ma ba ya barinta ta yi lakwab, domin ta gasken zoben roba ce guda mai wayoyin ƙarfe a ciki, a ɗame take.

Daga nan ya fesa fentin share fage, ruwan toka. Launin nan ba ya rufa asiri: duk ƙarcen da ya ɓuya sai ya fito fili. Ya karkata motar a gaban fitila, ya hango inuwar kan sukuru ɗaya da ya tsira kusa da ƙofar baya, ya sake jawo kwanon ruwa da takardar gurza.