Majalisar Dokokin Amurka da Ƙa'idar Rancen Gajeren Wa'adi ta 2017: Sharhi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna rawar da Majalisar Dokokin Amurka ta taka wajen sa ido a kan ƙa'idar da aka shimfiɗa a 2017 domin kare masu cin bashin gajeren wa'adi. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa Majalisar ta ba da ƙarfinta ga riƙe linzamin hukumar da ta kafa, amma ta kauce wa babbar tambaya, watau iyakar abin da ya halatta a ɗora wa mabuƙaci.

Yanayin Rancen

Bisa al'ada, mutum yakan karɓi dala 100 zuwa ranar albashi, ya biya ladan dala 15 bayan mako biyu. Idan aka lissafa wannan a shekara, ruwan ya kai kashi 391 cikin ɗari. Wanda ya kasa biya sai ya sake biyan lada a sabunta masa. Binciken Hukumar Kare Masu Hulɗa da Cibiyoyin Kuɗi, watau CFPB, ya nuna a 2014 cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na irin wannan rance ana sabunta shi, ko a sake cin wani cikin kwana 14. Daga baya masu ba da rance da yawa suka koma ga wanda ake biya kashi-kashi cikin watanni, suna riƙe da izinin cire kuɗi daga asusun mai cin bashi.

Tushen Rauni

Dokar Dodd-Frank ta 2010 ce ta kafa hukumar. Ta ba ta ikon hana zalunci da yaudara, sa'an nan ta haramta mata ƙayyade kuɗin ruwa. Ga shi kuwa tun 2006 wannan Majalisa ta tsai da kashi 36 cikin ɗari a matsayin iyakar ruwan da za a ɗora wa sojoji da iyalansu. Ke nan ta san maganin, ta ba wasu, ta hana saura. Wannan ne ya tilasta wa hukumar bin zagaye.

Ƙa'idar da ta fitar a Oktoba 2017, a ƙarƙashin Richard Cordray, tana da sassa biyu. Na farko ya wajabta wa mai ba da rance ya tabbatar mutum zai iya biya kafin ya ba shi bashin da wa'adinsa bai wuce kwana 45 ba. Na biyu, wanda ya haɗa da rancen kashi-kashi mai ruwa fiye da kashi 36, ya hana a ci gaba da taɓa asusu bayan an gwada sau biyu a jere ba a sami kuɗi ba, sai da sabon izini, domin kowane gwaji yakan jawo wa mai asusu tara daga banki.

Abin da Majalisa Ta Yi

Dokar Bitar Ƙa'idoji ta 1996 ta ba Majalisa damar soke sabuwar ƙa'ida cikin kwana 60 na zama, da rinjaye kawai, kuma abin da aka soke ba a sake fitar da irinsa sai da sabuwar doka. An gabatar da ƙudurin soke ƙa'idar a Majalisar Wakilai da ta Dattijai, amma wa'adi ya ƙare a Mayu 2018 ba a jefa ƙuri'a ba. Sai hukumar da kanta, a ƙarƙashin Kathy Kraninger, ta janye sashe na farko a Yuli 2020, kafin ya fara aiki ko da rana guda. Har ila yau Majalisa ba ta yi doka ta mayar da shi ba. Ta haka aka kafa kariyar aka rushe ta ba tare da wani ɗan Majalisa ya ɗauki alhakin ƙuri'a ba, kuma mai zaɓe bai san wanda zai tuhuma ba.

Adalci ne a ambaci cewa a 2021 Majalisa ta yi amfani da wannan doka ta soke ƙa'idar da ta sauƙaƙa wa masu ba da rance raɓewa da bankuna domin tsallake iyakar ruwa ta jihohi. Lalle wannan ya amfani masu cin bashi. Sai dai ya ƙara nuna halin makamin: yana rushewa, ba ya gini.

Akwai kuma masu cewa hukumar ta kuɓuce wa Majalisa tun da daga Babban Banki take samun kuɗinta. A kan wannan hujja ce ƙungiyar masu ba da rance ta kai ƙara, Kotun Ƙoli kuwa ta yi watsi da ita a Mayu 2024, alƙalai 7 da 2. Aka sa ranar 30 ga Maris 2025 domin sashe na biyu ya fara aiki, amma cikin watan nan hukumar ta ce ba za ta ba tilasta shi fifiko ba. A Yuli 2025 Majalisa ta rage iyakar kuɗin hukumar da kusan rabi. Ashe linzamin yana hannunta tun can. Abin da ta zaɓa ta yi da shi ne abin suka.

Kammalawa

Sa ido na gari ana auna shi ne da halin da mabuƙaci yake ciki. Ƙa'idar da kowane sabon shugaban hukuma zai iya warwarewa ba ta da tushe. Ra'ayinmu shi ne Majalisa ta rubuta sharaɗin iya biya da iyakar ruwa cikin doka da kanta, kamar yadda ta yi wa sojoji a 2006, ko kuwa ta ƙi a fili ta hanyar ƙuri'a, domin jama'a su san matsayin kowa.