Jibo Hamani da tarihin da ya riga Bature

A shekara ta 1975 ne cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai ta buga littafin Farfesa Jibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa. A lokacin, mafi yawan abin da ake karantawa game da yankin daga rahotannin kumandojin mulkin mallaka ya fito. Hamani ya tattaro labaran dattawa da maroƙa, ya auna su da rubuce-rubucen Larabci na Agadas, ya fitar da jerin aukuwa mai ma'ana: yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya rinjayi Kabi a 1674, da yadda shi da kansa ya kafa sarautar Adar.

Littafinsa na 1989 kan sarautar Abzin ya faɗaɗa wannan hanya. Ya nuna cewa Abzin mahaɗa ce tsakanin ƙasar Hausa da arewacin Afirka, kuma Gobirawa sun zauna can kafin su gangaro kudu. Wanda ya karanta shi da wuya ya ƙara kallon Bahaushe da Ba'abzine kamar baƙin juna. Wannan shi ne babban amfanin aikin ga ƙasar da ta ɗanɗani tawaye a shekarun 1990. Daga baya, a 2007, ya bi sawun Musulunci a yankin tun daga ƙarni na 7 har zuwa na 19.

Sai dai aikin bai rasa abin gyara ba. Majiyoyin fada maganar fada suke yi, don haka muryar sarakuna da malamai ta fi ta manoma da mata da bayi fitowa. Na biyu, da Faransanci aka rubuta littattafan, alhali da Hausa da Tamashek dattawa suka ba da labarin. Jikokinsu da ba su yi lakwal mai zurfi ba sun zama ƴan kallo a kan gadonsu.

Yau jami'ar Tawa tana ɗauke da sunansa, kuma ya cancanta. Amma suna a ƙofar makaranta ba ya karantar da kowa. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su fara da littafin Adar: a fassara shi babi babi, a karanta shi a aji da gidajen rediyon karkara, a kuma koma wa dattawan da suka rage da tambayoyin da ba a yi musu ba tukuna.