Maganar Hannu: Wa Ya Koyar Da Wa?

A haɗa kurman Landan da kurman Amurka a zaure ɗaya, sai an nemo musu tafinta. Iyayensu duka Turanci suke yi, jarida ɗaya za su iya karantawa, amma hannayensu ba sa jin juna. Ko a haruffa ba su jitu ba. Ba'amurke da hannu ɗaya yake fitar da baƙi da wasali, shi kuwa ɗan Ingila sai ya haɗa hannu biyu. Wasulan nan biyar ma a kan yatsu biyar ya jera su: ya taɓa babban yatsa, A ke nan, ya taɓa ɗan ƙarami, U. Abin da zai ba mutum mamaki, Ba'amurken ya fi kusa da tsintar wani abu a hirar kurman Faransa.

Dalilin yana cikin tarihin makarantu. Lokacin da wani Ba'amurke, Thomas Gallaudet, ya je Birtaniya neman dabarar koyar da kurame, iyalan Braidwood, masu makarantar da ta yi suna a can, suka gindaya masa sharuɗɗan da bai iya ɗauka ba. Sai ya tsallaka Faransa, ya dawo gida da wani malami kurma, Laurent Clerc, suka buɗe makaranta a Hartford a 1817. Alamun da Clerc ya zo da su suka cakuɗu da waɗanda yaran suka taho da su daga garuruwansu, maganar hannun Amurka ta samu.

Mai ji yana tsotsar harshe a nonon uwa. Mafi yawan kurame kuwa iyayensu masu ji ne, don haka a makarantar kwana suke samun nasu, wajen yara 'yan'uwansu. Shi ya sa iyakokin maganar hannu ba sa bin na harshen baki, bin makaranta suke yi. A Dublin, makarantar 'yan mata daban ta samari daban, har ta kai maza da mata na gari ɗaya suna da alamu mabambanta na abu guda, kuma galibi matan ne suka koyi na mazan. A kudancin Amurka, wariyar launin fata ta raba makarantu, baƙaƙen fata suka tashi da nasu karin. Kuramen Manchester kuma ƙidayarsu ta fita daban a Ingila.

Wannan zaren ne ya iso mana. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi ma kurma, ɗan mishan, ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, ya ci gaba har ƙasashen renon Faransa irin su Kodebuwa da Chadi. Aikinsa ya buɗe wa dubban yara ƙofar karatu, ba mai musun wannan. Amma alamun Amurka ya taho da su, har a inda allo da alli Faransanci suke yi.

To, ba kufai ya tarar ba. A ƙauyen Adamorobe na Ghana, inda kurumta ta yi yawa a gado, masu ji da kurame sun daɗe da nasu yaren. A Kano ma akwai maganar hannu tun kafin boko, ana koyonta a kasuwa da majalisar dare, har kurame suna da sarkinsu. Masu ji da dama suna taɓa ta daidai ciniki. Constanze Schmaling, Bajamushiyar da ta zauna da kuramen Kano, ta wallafa littafi sukutum a kanta a 2000. Ita kuwa makarantar kurame ta Tudun Maliki, wadda aka buɗe a 1977, ta zama babbar ƙofar da alamun Amurka suka bi suka shigo birnin.

A dubi alamar ruwa kawai. A tsarin Amurka, yatsu uku ake miƙewa a siffar harafin W a taɓa haɓa, domin da wannan harafi sunan ruwa ya fara a Turanci. Yaron da ya tashi a Fagge ko Gwale babu abin da ya haɗa shi da W ɗin nan, haddace ta zai yi. Ba laifi ba ne, aro ɗabi'ar kowane harshe ce. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa kallon ta makaranta a matsayin yare, ta gida kuma a ce nune-nune ne na wanda bai yi karatu ba. Tana da ƙa'idarta, tana da kalmominta, ana zolaya da ita, ana faɗa.

Afirka ta Kudu ta sanya maganar hannunta cikin harsunan hukuma a 2023. Duk ranar da aka tashi yin irin haka a Najeriya, za a fara da tambayar wacce daga ciki. Tafintan da ake sakawa a kusurwar talabijin lokacin labarai yawanci ta makaranta yake yi, kuma dattijon kurman da ya yi rayuwarsa a kasuwar Kurmi bai shiga aji ba, kaɗan zai tsinta a ciki.