Labarin Baba Mutuniyar Karo da Baƙin Cikin Mata

Littattafanmu na tarihi cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma da wuya ka sami wanda ya kula da matan da aka bari a gida suna kuka. Saboda haka ya kamata duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya nemi labarin Baba mutuniyar Karo.

An haifi Baba wajen 1877, ta yi zamanta a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau, musamman Zarewa, wadda ba ta da nisa da ƙasar Ƙiru. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa tana rubuta abin da ta faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954.

Abin da ya fi ƙayatarwa a ciki shi ne yadda tsohuwar nan ke ba da labarin rashi. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama. Mahara sun kama mata daga danginta, sai da aka tara dukiya aka fanso su. Ita kanta ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk wannan takan faɗe shi a taƙaice, ba ta neman a ji tausayinta. Amma kadan mai karatu ya lura, zai ga ko'ina akwai wata mace kusa da mai kuka: kaka, ko gwaggo, ko ƙawa, wani lokaci har kishiya. Rashin haihuwar ma dangi suka rage mata zafinsa, suka ba ta 'ya'ya riƙo. Ƙawancen nan da maza ke ɗauka hirar banza ne, a bakin Baba alkawari ne mai nauyi, wanda ake biya ran biki, a kuma biya ran makoki.

Inda littafin ya gaza, a ganina, biki da suna sun cinye masa wuri. Wata huɗu da kwana goma da mace ke yi tana takaba sun cancanci tambaya fiye da wadda aka yi. Kuma abin takaici ne maganar da aka yi da Hausa ta shekara fiye da talatin kafin a buga ta da Hausa.

Har wa yau, Baba 'yar manoma ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a ƙasar Bebeji da Tudun Wada akwai matan masunta masu ƙyafe kifi suna duban ruwa, ko jirgin maigida zai komo. Ranar da bai komo ba, maƙwabta ke shigowa su hura wuta, su ɗauki goyo. Cikin waɗanda suka iya rubutu a Ƙofa, ko akwai mai ɗaukar alƙalami ta je ta zauna da ɗayansu?