Asali ko Zumunci: Tarken Littattafai Huɗu a kan Al'ummar Lumbee ta Amurka

1.0 Gabatarwa

Al'ummar Lumbee jama'a ce daga cikin Indiyawan Amurka, wato mutanen da Turawa suka tarar a wannan nahiya. Mazauninsu shi ne gundumar Robeson da maƙwabtanta uku, Hoke da Scotland da Cumberland, a jihar Karolina ta Arewa. Ƙasa ce mai yawan fadamu wadda kogin Lumber ya ratsa, kuma da wannan kogi ne ake danganta sunan nasu. Waɗanda ke cikin rajistar ƙabilar sun kai kimanin 55,000, don haka babu wata ƙabilar Indiyawa da ta kai su yawa a gabashin kogin Misisifi.

Abin da ya jawo hankalin masana gare su shi ne rashin alamomin da aka saba auna ƙabila da su. Ba su da harshen gado, Ingilishi suke magana da shi. Mafi yawansu Kiristoci ne. Ba su taɓa ƙulla yarjejeniya da gwamnatin tarayya ba, ba a kuma keɓe musu yankin zama ba. Duk da haka sun tsaya a kan cewa su jama'a ɗaya ce, daban da Turawa, daban da baƙaƙen fata. Wannan maƙala za ta tarki littattafai huɗu da aka rubuta a kansu, domin a ga da wane ma'auni kowanne ya auna su. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa an ɓata ƙarfi mai yawa wajen neman asalinsu, alhali shaidar kasancewarsu al'umma tana cikin makarantunsu da majami'unsu da tarukansu.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A 1835 aka gyara tsarin mulkin jihar, aka hana duk wanda ba farar fata ba jefa ƙuri'a, dokar kuwa ta haɗa da kakannin 'yan Lumbee. Lokacin Yaƙin Basasa an tilasta wa mazansu aikin ginin ganuwa, sannan a watan Maris 1865 dakarun tsaron gida suka kashe wani dattijo, Allen Lowry, tare da ɗansa William. Wani ɗan nasa, Henry Berry Lowry, ya shiga fadama da jama'arsa yana ramuwar gayya har zuwa 1872, lokacin da ya ɓace ba a sake ganinsa ba.

A 1885 jihar ta amince da su da sunan Croatan, ta ba su makarantunsu na daban, a 1887 kuma aka kafa musu makarantar horar da malamai, wadda ita ce ta zama Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Pembroke. An sake musu suna a 1911 da 1913, kafin su zaɓi sunan Lumbee, jihar ta tabbatar da shi a 1953. Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka a 1956 wadda ta kira su Indiyawa, amma ta haramta musu hidimomin da ake yi wa sauran ƙabilu, irin su kiwon lafiya da tallafin ilmi. Wato an ba su da hannun dama, an karɓe da na hagu. Cikakkiyar amincewar da suka fara nema tun 1888 ba ta samu ba sai a watan Disamba 2025. Daga nan za a gane cewa tambayar ko su wane ne ba ta tsaya a ɗakin karatu ba, domin maganin marar lafiya da karatun ɗan talaka sun daɗe suna rataye da amsarta.

3.0 Dial da Eliades: Neman Asali

Littafi na farko shi ne The Only Land I Know, na Adolph Dial da David Eliades, wanda ya fito a 1975. Dial ɗan Lumbee ne, malami a jami'ar Pembroke, kuma darajar littafin ita ce 'yan gida sun ba da labarinsu da bakinsu. Ya tattara zantukan dattawa, ya kuma bayyana abin da ya faru a tafkin Hayes kusa da Maxton ran 18 ga Janairu 1958, daren da ɗaruruwan 'yan Lumbee suka tarwatsa gangamin ƙungiyar nuna wariya ta Ku Klux Klan.

Rauninsa yana wajen asali. Marubutan sun karkata ga ra'ayin da Hamilton McMillan ya yaɗa tun shekarun 1880, cewa 'yan Lumbee jikokin Turawan Ingila ne da aka bari a tsibirin Roanoke a 1587 suka ɓace, bayan sun yi auratayya da Indiyawan wurin. Manyan hujjojin su ne kamancin sunayen iyalai da zantukan baka. Amma sunayen Ingilishi sun bazu ko'ina a yankin, kuma tsakanin ɓacewar mutanen Roanoke da bayyanar kakannin Lumbee a takardun mallakar ƙasa akwai fiye da ƙarni guda wanda babu rubutacciyar shaida da ta cike shi. Wasu masana, kamar John Swanton a 1933, sun fi danganta su da ƙabilar Cheraw da dangoginta. Illar da ta fi wannan girma ita ce, duk wanda ya shiga wannan muhawara ya riga ya yarda da sharaɗin abokin gardamarsa, wato ba a zama al'umma sai an nuna kaka guda ɗaya. Jama'ar da ta haɗu daga ragowar ƙabilu da dama, waɗanda yaƙi da annoba suka kora zuwa fadama, ba za ta taɓa cika wannan sharaɗi ba.

4.0 Blu: Neman Hali

A 1980 Karen Blu, masaniyar halayyar al'umma, ta fitar da The Lumbee Problem, bisa binciken da ta yi a Robeson a ƙarshen shekarun 1960. Ita ce ta fara sauya tambayar sosai. Maimakon ta tambayi daga ina suka zo, sai ta tambayi yadda su kansu suke gane ɗan'uwansu. Ta nuna cewa suna siffanta kansu da halaye uku: alfahari da kai, da zafin zuciya idan an taɓa mutunci, da haɗin kai a gaban bare. Ta kuma nuna yadda labarin Henry Berry Lowry da na daren tafkin Hayes suka zama madubin da ake duba waɗannan halaye.

Wannan ci gaba ne babba, domin ya mayar da hukunci hannun masu abu. Sai dai akwai abin dubawa iri biyu. Na farko, hali ba ya gadon kansa. Dole a sami wurin da ake koyar da shi, a kuma hukunta wanda ya saɓa. Littafin ya fi ba da ƙarfi ga siyasa da shugabanci, ya rage wa wuraren tarbiyya haƙƙinsu. Na biyu, jerin halaye abu ne mai saurin rikiɗewa ya zama tambari a hannun wanda bai karanta da natsuwa ba, har ya ɗauka duk ɗan Lumbee mafaɗaci ne. Ko sunan littafin ma, wanda ya kira al'amarin matsala, yana bukatar a tambayi matsalar ta wace ce. Ga mutanen Prospect ko Saddletree ko Union Chapel babu wani ruɗani game da ko su wane ne. Ruɗanin yana ofisoshin Washinton.

5.0 Wolfram da Abokansa: Batun Harshe

Mai nazarin da ya saba ɗaukar harshe a matsayin babbar shaidar ƙabila zai fi amfana da littafi na uku, Fine in the World, wanda Walt Wolfram da Clare Dannenberg da Stanley Knick da Linda Oxendine suka wallafa a 2002. Sun nuna cewa ko da yake harshen kakanni ya salwanta, Ingilishin Lumbee kari ne mai zaman kansa, ya bambanta da na Turawa da na baƙaƙen fatar gundumar ta fuskar furuci da nahawu da kalmomi. Alal misali, suna kiran gahawa mai sukari ellick, suna kiran danƙon harbin tsuntsu juvember, kuma sukan ce I'm been a inda daidaitaccen Ingilishi ke cewa I have been. Mutanen yankin sukan gane ɗan Lumbee da jin muryarsa kawai.

Darasin da ke nan shi ne, abin da al'umma ke bukata daga harshe shi ne iyakar da za ta raba na gida da bare, kuma karin harshe yana iya yin wannan aiki. Amma bai kamata a ɗora wa binciken nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Da yawa daga siffofin nan ana samun irinsu a wasu tsofaffin kare-karen Ingilishi na yankin, saboda haka ba su tabbatar da wani asali ba. Abin da suka tabbatar shi ne daɗewar zama tare. Karin harshe sakamako ne na mutanen da suka yi makaranta ɗaya, suka yi ibada wuri ɗaya, suka auri juna shekara da shekaru.

6.0 Lowery: Dangi da Mazauni

Littafi na huɗu, Lumbee Indians in the Jim Crow South, na Malinda Maynor Lowery, ya fito a 2010. Marubuciyar 'yar Lumbee ce, masaniyar tarihi, kuma ita ta fi kusantar lagon maganar. A wurinta ginshiƙan al'ummar su ne dangantaka da taimakekeniya da mazauni. Idan 'yan Lumbee biyu suka haɗu, abin da suke fara tambayar juna shi ne ɗan gidan wa ne da kuma wace unguwa, sai a bi salsala ta iyalan Locklear ko Oxendine ko Chavis ko Hunt har a gano inda aka haɗu.

Ta kwatanta wannan ma'auni da na hukuma. A 1936 gwamnati ta aiko Carl Seltzer ya auna kawuna da fata da gashin mutum 209, ya yanke cewa 22 ne kaɗai ke da rabin jinin Indiya ko fiye, har aka sami 'yan uwa ɗaya uba ɗaya wani ya shiga wani bai shiga ba. Lowery ba ta kuma ɓoye abin kunya ba. Ta nuna cewa makarantar da ta haɗa kan al'umma ita ce kuma ƙofar da aka riƙa rufe wa waɗanda ake zargi da jinin baƙar fata, wato 'yan Lumbee sun kare kansu daga wariya ta hanyar aron wani ɓangare nata. Inda za a iya ja da ita shi ne yadda ta ɗauki rarrabuwar kawunan shugabanni a matsayin dabarar tsira. Akwai gaskiya a ciki, amma saɓanin da aka yi a kan suna da shugabanci ya kuma ba masu adawa da su hujja a gaban Majalisa, talaka kuwa shi ya ɗauki asarar jinkirin.

7.0 Abin da ya Rage a Bincika

Littattafan huɗu duk sun taɓo rayuwar yau da kullum, amma babu wanda ya mai da ita jigonsa. Majami'un Lumbee suna da ƙungiyoyinsu na kansu, kamar haɗakar Baftis ta Burnt Swamp da taron Metodis na Lumber River wanda aka kafa a 1900, kuma a nan ake koyon waƙa da magana a bainar jama'a da shugabanci. Lokacin da tarayya ta hana su hidima, sai suka kafa Ƙungiyar Raya Yankin Lumbee a 1968, ta riƙa kula da koyon sana'a da karatun ƙananan yara. An buɗe bankin Lumbee a 1971 da jaridar Carolina Indian Voice a 1973. Sa'ad da aka so rushe Old Main, tsohon ginin jami'ar, jama'a suka tashi tsaye a 1972, kuma ko da ya ƙone a 1973 sai da aka sake gina shi. A 1976 aka fara nuna wasan kwaikwayon Strike at the Wind! na Randolph Umberger a fili, inda jikokin mutanen zamanin Lowry suka riƙa fitowa a matsayin kakanninsu.

Bikin komawa gida da ake yi a Pembroke a farkon watan Yuli ya tattara duk waɗannan. Waɗanda neman aiki ya kai Baltimo da Ditiroit sukan dawo da 'ya'yansu, a yi jerin gwano da gasar sarauniya da waƙoƙin yabo da taron dangi. Baƙo zai fi lura da rawar ganga da adon gashin tsuntsu, alhali yawancin wannan salo ya yaɗu ne tsakanin ƙabilun Amurka a ƙarni na 20. Abin da ya fi tsufa shi ne abin da ba ya ɗaukar ido, wato kaka tana nuna wa jikanta ɗan birni kabarin mahaifinta, tana lissafa masa danginsa. A nan ne ake sabunta rajistar da ba a rubuta ba, kuma nan ne ya kamata manazarci na gaba ya kafa sansaninsa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ma'auni ya riƙa sauyawa, daga asali a wurin Dial da Eliades, zuwa hali a wurin Blu, zuwa karin harshe a wurin Wolfram da abokansa, zuwa dangi da mazauni a wurin Lowery. Kowane mataki ya matsa kusa da yadda mutanen suke gane junansu. Amincewar 2025 ta buɗe ƙofar hidimomin da aka hana su kusan shekara 70, amma ba ita ta yi al'ummar ba, tarar da ita ta yi. Tambayar da ke gaban masana yanzu ita ce ko taimakekeniyar da rashi ya haifa za ta ɗore idan kuɗin hukuma ya shigo, da kuma ko takardar rajista za ta maye gurbin tambayar nan ta ɗan gidan wa ne.