Wa'azin Lahadi da Kiwon Sauran Kwanaki a Majami'un Hausa

Wa'azin da ake yi da Hausa a majami'un Arewa yana da wani hali da ba kowa ke lura da shi ba. Yawancin masu yin sa da masu sauraronsa ba da Hausa aka raine su ba: Birom ne da Angas da Tangale da Bura da Margi da Jaba. Turawan mishan na SIM da suka fara zuwa a 1893, da na SUM da suka sauka Wase a 1904, sun tarar da harsuna barkatai, sai suka riƙi Hausa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha ɗawainiyarsa. Daga nan mai bishara ɗan Kagoro ya iya tsayawa gaban mutanen Kaltungo su fahimce shi.

Shi ya sa salon ya fito a sauƙaƙe. A karanta nassi, mai wa'azi ya faɗi kan magana, ya bi shi aya aya, ya kawo misali daga gona ko kasuwa ko rigimar surukai. Can ya tsaya ya ce, "Jama'a, muna tare?" a amsa masa. Idan ya ga barci ya fara ɗaukar bencin baya, sai ya tayar da waƙa, 'yan Zumuntar Mata su karɓe, sannan ya rufe da kira ga tuba. Babu ado sosai, kuma ba a neme shi ba.

To, ina ƙarfinsa yake? A ganina yana jikin mutumin da ke tsaye a mumbari. Mai bishara na da yana noma gonarsa kamar kowa, yana koyar da karatu da yamma, matarsa na tara mata. Irin su ne ƙungiyar masu bishara ta EMS, wadda aka kafa a 1948, ta riƙa turawa ƙauyuka, kuma Rabaran Panya Baba ya daɗe yana jagorantar wannan aiki. Ran Litinin za ka ga fasto a zauren wani dattijo da ƙafa ta kumbura, ya tuɓe takalmi, ya zauna kan tabarma, ya sha kunun da aka miƙo masa kafin ya buɗe Littafi. Ran Laraba yana sasanta ma'aurata. Saboda haka idan ya yi maganar gafara ran Lahadi, ya san su wane ne ba sa ga maciji a cikin ikilisiya, su ma sun san ya sani. Wannan shi ne tsarin da Bulus ya tuna wa dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni sura 20, cewa ya koyar a fili da kuma gida gida, yana ci da gumin hannunsa.

An gwada wannan aminci na fasto ga mutanensa da wuta a Arewa maso Gabas. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi, ikilisiyoyi suka watse, fastoci da yawa suka bi mutanensu har sansanonin gudun hijira suna sujada da su. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi a Michika, aka kashe shi. Bidiyon da ya bari, inda ya miƙa lamarinsa ga Allah cikin natsuwa, ya shiga zukata fiye da wa'azozi masu yawa.

Abin da ke damuna yau shi ne tazarar da ke buɗewa tsakanin mumbari da tabarma. Wa'azin arziki ya shigo, ana ce wa bazawara ta shuka iri da kuɗin cefanenta, kuma gidauniyar gini kan cinye lokacin nassi. Ba na ɗora laifin duka kan fasto, domin na ƙauye yakan yi watanni albashinsa bai cika ba, ga 'ya'ya a makaranta. Amma gargaɗin Ezekiyel sura 34 kan makiyaya masu kiwon kansu bai tsufa ba. Ga kuma yawan canjin wurin aiki: kafin mutum ya san gidajen mambobinsa, takarda ta zo.

Akwai kuma batun harshe. Manyan makarantun tauhidi, irin na Bukuru da na Jos, da Turanci suke koyarwa. Ɗalibi ya fito da ilimi, amma ya shirya wa'azi da Turanci a ka, ya juye shi Hausa a baki, ko ya jingina da tafinta, rabin lokaci ya tafi a maimaici, tsohuwa ta koma gida ba ta riƙe komai ba. Ya kamata kowane ɗalibi ya yi gwajin wa'azi da Hausa ko da harshen garinsu, a gaban dattawan ikilisiyar ƙauye, kafin a naɗa shi.