Jinjina ga masu duba jini

A 1880, a wani asibitin soja da ke Konstantin ta Aljeriya, likitan Faransa Alphonse Laveran ya leƙa ɗigon jinin wani majinyaci mai zazzaɓin maleriya ta madubin likita, ya ga wata halitta tana motsi. Kafin nan iskar fadama ake ɗora wa laifin zazzaɓin. A 1897 Ronald Ross ya tsinci ƙwayar a tumbin sauro, can Indiya.

Magadansu na ɗakunan gwaji a asibitocinmu sun cancanci yabo. Za su soki yatsa, su shafa jini a ɗan gilashi, su rina shi da ruwan Giemsa, su ɗiga mai, sannan su kafa ido. Madubin yakan girmama abu sau 1,000, amma ba ya faɗin sunan abin da ya nuna. Idon gwani ne ke rarrabe ƙwayar falciparum, mai kamannin ɗan zobe, da dattin rini, har ya ƙirga yawanta.

Gwajin gaggawa na zamani ya sauƙaƙa aiki, ba musu. Sai dai iyakarsa "akwai" ko "babu". Likitan da ke son sanin ko magani na ci, wajen mai madubi yake aikawa.